Kan Sarki Ba Rawani

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka kama hanyar tashar mota a Sakkwato, ni da wani abokina malamin asibiti, wanda ya ce zai raka ni ne kawai don kada rana ta kashe ni a kan kwabo. Makonni kaɗan ke nan da bikin 'yancin kai. Tutocin takarda da aka raba wa 'yan makaranta suna nan maƙale a jikin shaguna, ruwan ƙarshen damina ya wanke korensu. Waɗanda suka san ni sun san cutata. Wani tantabaru yake tarawa, wani riguna, ni kuwa tsofaffin kuɗi nake tarawa, irin waɗanda ko ƙosai ba za su saya maka ba. Ina da wuri, ina da liyari, ina da anini mai huji tun na zamanin sarakunan Ingila da suka shuɗe. A makarantar da nake koyarwa yara na kirana Malam Anini a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Abin da ya tayar da ni shi ne maganar telana, mutumin Bodinga. Ya ce wani manomi daga wani ƙauye a bayan Shagari yana cigiyar wanda zai karanta masa rubutun da ke jikin wani kuɗin zinariya na tsohuwarsa. Malamin haraji ya duba ya kasa, malamin gona ya duba ya kasa. Dukansu sun ce haruffan na boko ne, amma maganar ba Turanci ba ce. Da na ji haka sai murna ta kama ni. Wani Bature da muka yi koyarwa tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar mini wani littafi mai hotunan kuɗin Rumawan dā, da wani gilashi mai ƙara girman abu. Na yi shekaru ina kallon zinariyar sarakunan Rum a takarda, ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Ba zan ɓoye muku ba, da kwaɗayi na fita.

Motar katako muka samu, mai zuwa Shagari, sule da sisi kowane mutum. Gaba kusa da direba ya fi tsada, abokina ya ce kuɗinsa bai kai na manya ba, don haka muka hau baya muka zauna a kan buhunan gishiri, wata akuya tana cin gefen rigata. Da muka bar gari kwalta ta ƙare, gargada ta karɓe mu. Hagu da dama an yanke gero an jera dammuna, dawa kuwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Iska na da sanyi, ƙasa na ƙamshin raɓa.

Hirar motar duk ta 'yanci ce. Wani mai sayar da fata ya fito da sule ya tambaya ko yanzu za a cire kan Sarauniya, in kuma an cire, kan wa za a sa. Wani ya ce a sa na direban nan, tunda shi ma mulkin mallaka yake yi mana. Ni da ba a tambaye ni ba, sai na tsoma baki, halin malamin makaranta. Na ce sa kan sarki a jikin kuɗi tsohuwar al'ada ce, Rumawa sun yi ta tun kafin zuwan Musulunci. Mai fata ya dube ni da tausayi ya ce shi ya je Ruma ta ƙasar Katsina har sau biyu, bai ga suna buga ko anini ba. Aka yi dariya, na sha da ƙyar kafin na fahimtar da shi Rum ta bayan teku nake nufi.

Tunda na samu masu saurare, na zazzage musu abin da na sani. Na ce zinariyar Rumawa ƙarama ce, ba ta fi sisi faɗi ba, amma in ka ɗora ta a tafin hannu nauyinta zai ba ka mamaki. Ba ta tsatsa. Da guduma ake buga ta, don haka ba ta zama da'ira sosai, wadda ka ga ta yi sumul ko'ina to jabu ce. Sarki mai rai, na ce, da rawaninsa na ganye yawanci ake zana shi, sunayen sarauta sun zagaye shi har ba wuri. In kuwa ya mutu, magajinsa yakan buga wani kuɗin don sanar da duniya, a zana mamacin kai ba rawani, rubutu ɗan kaɗan. Wani dattijo malamin allo da ke jan carbi a lungu, wanda tun Sakkwato bai ce uffan ba, ya ɗago ya ce in yi hankali. Ya ce tsohon kuɗi ne ya tona asirin mutanen kogo da suka farka daga dogon barcinsu, tsohon kuɗi ba ya fitowa sai da labari a bayansa. Ya koma kan carbinsa.

A Bodinga muka tsaya da hantsi. Masa uku kwabo, mai zafi, da kunun tsamiya a ludayin duma. Abokina ya ci ta taro, wato kwabo uku, yana cewa ta Sakkwato ta fi, mai masar ta ce to ya mayar mata. Na leƙa rumfar telana na same shi yana ta fama da ragowar yadin tuta, kore da fari, yana ɗinka wa yara 'yan riguna da shi don kada ya yi asara. Ya kwatanta mana hanya: mu wuce Shagari kaɗan a kan titi, inda muka ga wata babbar tsamiya a mararraba mu saki titi mu bi turbar da ta nufi wajen Horo Birni, ƙauye na biyu. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin kuɗin da idonsa. Ya ce a'a, kuma ba ya so. Na ce me ya sa, ya ce zarensa ya tsinke, ya sunkuya yana neman bakin allura har muka tafi.

Motar ta yi zafi a Sifawa, aka tsaya neman ruwa. Garin Shehu ne na dā, kowa ya sauka da ladabi, har mai fata ya rage murya. Na ɗan taka zuwa bayan gari inda tsofaffin kukoki suke tsaye a cikin kufai, ƙasa duk fasassun tukwane. Mutum irina ba ya wuce irin wannan wuri bai duba ƙasa ba. Ban tsinci komai ba sai wuri guda ɗaya, fari fat, bayansa a fashe yadda ake yi don a zura shi a igiya. Na tsaya ina tunanin hannun da ya yar da shi, sai na ji wurin ya yi mini tsit fiye da kima, ko kukan tsuntsu babu. Na mayar da wurin inda na gan shi na koma mota, abin da ban taɓa yi ba.

Shagari muka isa rana ta fara zafi. Wani malamin firamare, tsohon ɗalibina, ya ara mana kekuna biyu, ɗaya ba birki, ɗaya ba ƙararrawa. Na bar wa abokina marar birki, tunda shi ne ya san ɗaurin karaya. Muka sayi kilishi na sisi da goro na gaisuwa, muka hau. Titi fayau, ba mota ba jaki. Lokacin kaka ne, duk mai ƙarfi yana gona.

Rana na tsaka muka hango tsamiyar. Kowa ya san abin da ake faɗa game da gindin tsamiya da tsakar rana, ni kuwa da na yi boko nakan yi wa masu faɗar dariya. Da muka matso sai muka ga mutum zaune a gindinta, lulluɓe da farin zane, ba motsi. Tsohuwa ce, siririya, ga ƙwarya a gabanta an rufe da faifai. Ba gida kusa, ba rijiya, ba abin da zai zaunar da mutum a wurin. Muka yi sallama daga kan keke. Ba ta amsa ba, ba ta kuma dube mu ba, idonta na kan titi ta bayanmu. Sai ta ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar 'yan gida:

"Kun iso? Shi shina baya?"

Na waiwaya. Ba kowa a bayanmu sai titi da hucin rana. Abokina, mutumin da ke wanke gyambo ya ci tuwo da hannun, ya taka kekensa marar birki ya shige turba yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ni ma ban tsaya neman bayani ba.

Ƙauyen bai fi gida goma sha ba, kuma a buɗe yake kamar an gudu an bar shi. Kaji na tono, wani turmi a kife, ba yaro ba babba. Mun yi sallama a ƙofa uku kafin wani mutum ya fito daga bayan rumbu da lauje a hannu. Dogo ne, zai yi shekara arba'in da 'yan kai, da gemu mai cika. Shi ne mai cigiyar. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Abokina bai gama sha ba ya ba shi labarin abin da muka gani a tsamiya. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce innarsa ce, ita ce mai kuɗin.

Ga labarin yadda ya ba mu. Mahaifinsa sunan hakimin wancan zamani gare shi, don haka ba mai kiran sunan, kowa Sarki yake ce masa. Bayan babbar yunwa ya ɗauki sanda da gora ya tafi Makka a ƙasa, ya bar matarsa da ciki. Cikin shi ne wannan mai ba mu labari. Shekaru suka wuce ba amo ba labari. Sai wata rana wani mutumin Kajiji ya dawo daga gabas, a rame, yana tari, ya ce sun yi aikin haƙar hanyar ruwa tare da Sarki a ƙasar Sudan don neman guzuri, ga kuma abin da aka ce ya kawo wa matarsa. Ya miƙa mata ɗan ƙullin tsumma. Ta kwance ta ga zinariya da kan mutum a jiki, ta tambaye shi mene ne wannan. Ya ce mata, "Kan sarki na." Bai ƙara komai ba, ya wuce gida, bai ga damina ba ya rasu.

Ni da ku mun san abin da mutumin yake nufi. Ko takardar da muke liƙa wa wasiƙa a gidan waya kan sarki muke ce mata. Amma ita Sarki ɗaya ta sani a duniya. Ta ɗauka mijinta ne ya sa maƙeran gabas suka zana kansa a zinariya ya aiko mata don ta san yana raye, rubutun da ke gefe kuma saƙonsa ne. Ta kai wa maƙeri ya huda, ta rataya a wuya. Alƙali ya ce mata tun tuni shari'a ta sake ta, manema suka zo suka gaji, ta ce ita da mijinta, ga kansa a wuyanta.

Duk wannan, in ji ɗan, da sauƙi, don a ɗakinta take jiranta. Abin ya ɓaci ne ranar da mai shela ya zagaya yana cewa Turawa sun tafi, ƙasa ta koma hannun masu ita, hanya ta buɗe. Ta ce ashe Turawa ne suka tare shi. Tun ranar, kullum da hantsi sai ta dama fura ta ɗauka ta tafi mararraba, ba ta dawowa sai la'asar, kuma ita ba ta sha, ta ce ta baƙo ce. Idonta ya yi rauni, ƙafa ta yi rauni. Sau biyu ana tsinto ta a some a kan turba. Ya ɗaure ƙofa ta haura dangan kara. Sa'an nan ya matso ya rage murya.

"Malam, don girman Allah, ko mi anka rubuta, ka ce mata ya rasu. In ba haka ba rana za ta kashe min ita bakin hanya."

Na ji tausayinsa har cikin raina, amma na ƙi. Ina da taurin kai a kan abu ɗaya: ban taɓa yi wa kuɗi ƙarya ba, ban taɓa ce wa jabu na gaske ba ko don a ji daɗi. Balle in sanar da mutuwar mutumin da ban san inda yake ba. Na ce masa abin da na gani shi zan karanta. Abokina ya harare ni. Mutumin bai yi gardama ba, ya kwance jakinsa ya tafi ɗauko ta.

Kafin su dawo muka yi azahar mu biyu a ɗan masallacin ƙauyen. Na idar na zauna ina jin haushin kaina. Na san abin da zan gani: sunan wani sarkin arna da jerin kirarinsa. In na karanta mata haka, ko dai ta ƙi yarda ta koma tsamiya gobe, ko ta yarda in zama ni na rushe mata shekara arba'in a zama ɗaya. Na yi da-na-sanin fitowa.

A ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta ta karɓe mu. Yanzu da ta san mu baƙin ɗanta ne ta gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen birni, ta sa mana albarkar goro. Ba alamar hauka a tare da ita ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Ƙwaryar furar na gefenta a rufe. Ta sa hannu cikin wuya ta jawo wata igiyar fata da ta yi baƙi don daɗewa, ba ta cire ba, sai ta sunkuyo ta ɗora mini abin a tafin hannu yana rataye a jikinta. Da ɗumi.

Nauyin kaɗai ya gaya mini. Ga gefen nan da bai daidaita ba, ga launin nan da ba ya dusashewa. Zinariyar Rum ce ta gaske, a hannuna, a wani ƙauye a bayan Shagari. Yadda ta zo ƙasar Sudan har ta shiga hannun mai haƙar rami, Allah kaɗai ya sani. Na fito da gilashi. Kan mutum ne ta gefe, mai gemu, gashi a nannaɗe, dogon hanci, idon a buɗe yana kallon gabansa. Na ɗago don in samu haske, sai idona ya faɗa kan ɗanta. Yana tsugune a bakin rumfa ya juya mana gefe yana kallon waje. Gemun nan, hancin nan, har yadda goshin ya sauko. Na dubi zinariya, na dube shi, na sake duban zinariya. Na san ba zai yiwu ba, na san tsakaninsu akwai shekara kusan dubu biyu da teku, amma ga kamar nan ina gani. Abokina ya leƙo ta kafaɗata, na ji ya ja numfashi.

Na koma kan aikina don in samu abin riƙewa. Sunan sarkin ya tafi: hujin maƙeri ya cinye farkonsa, babban yatsanta ya shafe sauran, don zinariya taushi gare ta. Kalma ɗaya ta rage a bayan ƙeyarsa, haruffa biyar, DIVVS. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in fara gani. Kan ba rawani. Na juya bayan kuɗin. Wani gini ne mai hawa huɗu, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Na san shi a littafi. Tarin itace ne da suke ɗora gawar sarkinsu a kai, kalmar kuma ba a rubuta wa mai rai ita. Cikin dukan kuɗin da Rumawa suka buga, wanda ya zo wuyan tsohuwar nan na sanarwar mutuwa ne.

"Mi yac ce?" ta tambaya. "Yaushe za shi zaka?"

Ɗanta bai juyo ba, amma na ga wuyansa ya ƙage. Na ce, "Inna, rubutun ga ya ce mai wannan kai ya riga mu gidan gaskiya. Tun kafin a buga kuɗin ya rasu. Don a sanar anka buga shi."

Ta lalubo kuɗin daga hannuna ta juya bayansa, ta shafa ginin da yatsa. Ta ce ita a zatonta gidan sama ne da ya gina a can, wanda zai zo ya tafi da ita. Ta tambaye ni, to gidan fa? Na ce mata makwancinsa ne, inda aka ɗora shi. Ban gaya mata wuta suke sa wa ba, ban kuma gaya mata abin da arnan suke nufi da kalmar ba, wai mamacin ya zama abin bauta, wa'iyazu billahi.

Na jira kuka, bai zo ba. Ta yi salati a hankali, ta yi masa addu'a, mu ma muka shafa. Sa'an nan ta ce:

"Na sani. Tun ran da anka kawo shi nig ga kai ba hula. Sarki bai taɓa hita ko ƙohwar gida ba hula ba. Wa ka zama hakanan in ba wanda anka yi ma wanka ba? Jira nikai wani shi hwaɗi da bakinai."

Ɗan nata ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na motsi. Ita kuwa ta jawo ƙwaryar ta buɗe faifan, ta gauraya furar da ludayi ta turo mana. Ta ce mu sha, mu ne baƙin da suka zo daga hanya. Fura ce mai kyau, ta sha nono da yaji. Abokina ya sha ludayi biyu ya ajiye.

Muna sha ta sa hannu biyu ta cire igiyar ta kanta. Inda ta kwanta a wuyanta ya yi wani farin zobe. Ta kira wata maƙwabciya da ta dawo daga gona ta ce ta zo ta tsefe mata kai, yau za ta shiga takaba. Ta miƙo mini kuɗin ta ce mai takaba ba ta rataya zinariya, in tafi da shi. Abin da na baro Sakkwato ina mafarki ke nan, aka sa mini a hannu kyauta, na ji kamar an miƙo mini garwashi. A zaure na ba ɗanta, na ce gadonsa ne. Ya ƙi taɓawa. Ya ce muddin kuɗin ya kwana a gidan, yana tsoron wata safiya ta sake dama fura. Muka rabu a kan amana ce a wurina, ranar da ta fita takaba in mayar masa ya yi yadda ya ga dama. Da zai sallame mu ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka, ya gode da na ji roƙonsa. Na rantse masa abin da ke rubuce na karanta. Ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba amma ba ya son ya kunyata baƙo.

Da la'asar muka sake bi ta mararraba. Gindin tsamiyar ba kowa. Akwai wani faffaɗan dutse da zama ya goge, da zagayen gindin ƙwarya a cikin rairayi. Wannan karon abokina bai yi gudu ba, ya sauka ya tura kekensa har muka wuce. Muka mayar da kekuna a Shagari, muka samu motar gyaɗa mai komawa, direban ya caje mu sule biyu don ya ga ba mu da zaɓi. A Bodinga ne abokina ya tambaye ni, tsakanina da Allah, gaskiya na faɗa mata ko ƙarya. Na ce kowace kalma gaskiya ce. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba. Uwargida ta ga fuskata ta ce ko an yi mini fashi ne, na ce a'a, samu na yi. Akwatin da nake ajiye tarina yana da wani gurbi da na daɗe da tanada, na lulluɓe shi da ɗan ƙyallen karan-miski don ranar da zinariyar Rum za ta zo. Ban sa ta a ciki ba. Tana cikin tsummanta da igiyarta a ƙasan akwati, fuskar na kallon ƙasa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na fita ina ganin sanin kuɗi shi ne ka san nauyinsa da zamaninsa da wanda ya buga shi, kuma duk na sani, littafina bai yi kuskure ba. Abin da babu a littafin shi ne wanda ya riƙe kuɗin da abin da yake jira. Na yi ta juya maganar mutumin Kajiji. Wataƙila shi ya binne Sarki da hannunsa ya kasa faɗa, wataƙila shi ma bai sani ba, wataƙila Sarki na can wani gari a gabas da jikoki, yana shan shayi. Ba mai gaya mini. Abin da na sani shi ne, yanzu haka da nake rubuta muku wannan, akwai tsohuwa a bayan Shagari da ke zaune a ɗaki cikin inuwa, tana cin abinci, tana takabar mijinta a kan maganata. Jiya telana ya zo da saƙo daga ɗanta. Ya ce tun ranar ba ta sake zuwa tsamiya ba.